Tsakuren da Ya Hana Ni Zuwa Kirsimeti

Zariya, Disamba 1971

Adda Kuve,

Gaisuwa mai yawa. Yaya Mama da ƙafarta? Yaya su Tizhe da mutanen Yelwa? Ni lafiyata ƙalau, abinci ma ina ci, kada ki damu. Bayana ne kawai ke ɗan ciwo saboda zaman tafireta.

Adda, ba zan samu motar Mubi ta ranar Asabar ba. Malamin da nake buga wa rahoton bincikensa ya ce babu hutu sai an gama. Kuma duka an gama, saura ɗan guntun bayanin da ake sawa a shafin farko, wai shi tsakure. Yana so ya tsaya tsakiyar takarda, matsattse, gefen hagu da na dama a miƙe kamar bangon coci. Hagu tafireta ke yi da kanta. Dama kuwa sai na buga kowane layi, in duba abin da ya rage, in sake bugawa ina cusa fili tsakanin kalmomi. Jiya ya fito tsaf, har na fara ɗaure kayana. Da safe ya shigo yana murmushi, wai ya canza kalma ɗaya a layin farko. Komai ya rushe har ƙasa.

Zanen Mama yana hannun Kalibu direba. Ki ajiye mini gyaɗa.

In Mama ta tambaya, ki ce babban littafi nake bugawa. Kada ki ce mata bai kai tafin hannunta ba.

Allah ya tsare ku.

Ƙanwarki,
Masi