Hoto na Uku

Tsafe, ranar Talata

Zuwa ga maigidana Zaharaddeen,

Bayan gaisuwa mai yawa da hwatan kana lahiya, kai da abokin aikinka Victor. Kakarka ta, Tambaya. Malam Buba tela, mijin Salma da nike ɓoye gidansu, shi ka rubutawa, ni ka hwaɗi. Tunda anka datse sabis ban ji muryarka ba, sai jiya direba ya kawo ambulan ɗinka.

Buba ya karanta min. Kac ce kun gama wasan waya, na wata tsohuwa mai kora awaki gida kada kura ta cinye su, kun sa mai suna Awakin Inna. Kac ce akwai shago cikin waya inda aka jera wasanni, kowane da ɗan hotonai girman ƙumba, wanda ya ja ido shi aka dannawa. Wai Victor yac ce a gwada ma mai raunin ido, in ta gane to kowa ya gane. Ashe amhwanin tsohuwar matarka ke nan. Na gode.

Na hita tsakar gida na duba hotuna ukun da ka aiko. Na hwari, kun cika shi da awaki da gulbi da icce da rubutu, ni dai kamar gero anka watsa bisa tabarma. Na biyu kac ce kura ta. Salma tac ce kare, ni nac ce jaki mai hushi. Buba yac ce jan bakin ya yi kyau, amma Buba ko ɗinki sai ya sa ja.

Na uku tun daga nesa na gane shi. Ni ta. Ga tsagar gidanmu, ga tabon bisa gira, ga idona ranar da nat taho Tsafe ƙahwa kumbure kad ɗauke ni da waya. Ko makaho ya tsaya wurin wanga. To shi na ba ni so. Ka sa jakin. Na so in hwaɗa maka dalili, Buba ya aje biro yac ce takarda ta tasha ka bi, hannu nawa za ta shiga ba a sani ba. Ka dai ji maganata, kada ka sa huskata.

Allah shi yi maka albarka.

Kakarka,
Tambaya

Gusau, Asabar

Zuwa ga uwargida ran gida, Inna Tambaya,

Ina gaishe ki da girmamawa, ina gaida Malam Buba da Anti Salma. Victor ya yi dariya har da hawaye a kan jaki mai fushi, ya ce ki shirya, ya ɗauke ki aiki.

Inna, abin da kika gani shi kowa ya gani. Kafin in aiko miki, na je Funtuwa inda sabis bai mutu ba, na sa hotunan a shagon don gwaji, wasu mutane su ga wannan, wasu su ga wancan. Na farko ba wanda ya kula shi. Kurar da ɗan dama. Naki kuwa ya ninka su duka, domin launi biyu ne kawai, baƙin mayafi da hasken bayanki, sai idanu da suke kallon mutum kai tsaye. Ko a ƙaramar waya mai fasasshen gilashi ana ganinsa. Shi muka bari, yana can yanzu. Akwai wani kamfani a Kaduna da ya ce in mutane suka ci gaba da saukewa haka zai ɗauke mu aiki mu biyu. Kin san tun da na gama makaranta nake zaune.

Na san kunya ce. Ai zane ne muka yi a kan hoton, ba hoton kansa ba. Kuma wa ya san ki a Legas ko Kano? Ki yi haƙuri amaryata, ki bar mijinki ya ci arzikin kyanki.

Naki,
Zaharaddeen

Bungudu, ranar Alhamis

Zaharaddeen,

Ina gaisheka. Wagga ba hannun Buba ba ne. Rut ta, mai kemis, maƙwabciyar gwaggonka Halima, inda nike ɓoye yanzu. Ta yi min alkawali da kanta za ta kawo maka in ta shigo sarin magani, ba ta ba direba.

Ranar da Buba ya karanta takardarka bai gama cin tuwo ba. Yac ce yana da ɗiya ƙanana, in yi haƙuri. Da sahe anka sa ni mota da niƙabin Salma. Ta Gusau munka bi. Na ga kwanar da aka shiga unguwarku, ban ce a tsaya ba.

Kai abin da ka sani, yaran daji sun ɗauke ni daga gona, Allah ya kuɓutar da ni. Ga wanda ba ka sani ba. Ba sako ni sunka yi ba, gudowa na yi, ranar da ƙarar jirgi ta watsa su ina wurin itace. Mai dajin, ubangidansu, ya aiko ƙauyenmu yac ce a maido tsohuwa ko a ƙone rumbuna. Kawunka Yakubu yac ce an tsinci gawata bakin gulbi. Ya shimhiɗa tabarmi ƙohwar gida, ya yi zaman makoki, mutane sunka taho har daga 'Yankuzo suna mai gaisuwa. An yi sadakar uku da waina. Mai dajin ya turo yaro ya zamna cikin masu gaisuwa, ya ci wainar, ya koma. Da hakan ga anka bar su sunka yi noma bana. Yakubu ya hana a gaya ma ko ku na Gusau, yac ce baki ya yi yawa.

Kac ce wa ya san ni a Legas. Ni ba Legas nike tsoro ba. Na yi ma yaran nan tuwo har wata ya mutu wani ya tsaya. In ba su hita ba, ba su da aiki sai su kwanta ƙarƙashin icce, waya bisa ƙirji, suna danne-danne suna ihu, ga hwaranti mai cin rana yana cika masu caji. Wani ƙarami cikinsu Kaka yaka ce min, shi ya kan riƙe min tukunya. Tabon girata shi ya yi min da gindin bindiga. Kana ganin ba ya gane aikin hannunai? Kuma tsagar ga ita ta a huskar Yakubu da ɗiyanai duka.

Rut tac ce ana raɗe-raɗin za a maido sabis. Tac ce in hwaɗa maka a hankali, kada in tada maka hankali. Rut, rubuta yadda nac ce. In sunka ga matacciya tana kallonsu cikin waya, ba ni za su nema ba, Yakubu na kusa.

Na san zaman banza ya ishe ka. Ban iya karatu ba, ban san yadda aka cire abu daga shagon da ba ya da ƙohwa ba. Kai ka sani. Don Allah, don darajar mahaihinka da ke ƙasa.

Tambaya

Funtuwa, Lahadi

Inna,

Ina gaishe ki. Madam Rut ta ba ni hannu da hannu, na karanta a tsaye a bakin shago, na wuce tasha. Na cire hotonki, na sa kurar. Victor ya zauna ya gyara kurar, ya rage jan, ya ƙara mata girman kunne da dabbare-dabbare, ga shi na sako miki. Tun da muka canza, saukewa ta faɗi warwas. Na Kaduna sun ce mu ƙara ƙoƙari, su ji mu wani lokaci.

Ba zan ɓoye miki ba. Waɗanda suka riga suka sauke wasan, fuskarki tana kan wayarsu har sai sun sabunta shi, kuma ba ni da ikon tilasta su. Yawancinsu a birane suke, nesa da mu. Amma ana tura wasa daga waya zuwa waya ko babu sabis. Ban san inda ya kai ba.

Ki yafe mini. Ban tambaye ki ba na ɗauki hoton, ban jira amsarki ba na sa.

Zaharaddeen

Bungudu, ranar Laraba

Maigidana,

Gaisuwa da sa albarka. Na yahe maka duniya da lahira, kada ka ƙara hwaɗin haka.

Na duba kurar. Yanzu kam kura ta, Halima ma ta gane. Amma ba ni yi maka ƙarya, in ni ce mai wucewa ba ni tsayawa. Ka gaya ma Victor ya sa ɗan akuya guda gabanta, hwari, yana waige. Mutum ya hi tsayawa in ya ga wanda za a ci.

Sabis ya dawo nan shekaranjiya. Kowa na murna yana kiran 'yan uwa, ni duk wayar da ta yi ƙara sai in shige ɗaki. Kada ka kira ni, kada ka zo.

Yakubu ya aiko wani mai kai kaji. Yac ce har yanzu ba wanda ya tambaye shi komi, dawa ta huda kai, gero na jiran yanka. Yac ce in ci gaba da mutuwa har su kai amhwani rumbu.

Allah shi tsare mu baki ɗaya.

Kakarka,
Tambaya