Kada A Sayar Da Zomayen Nan

An rufe ɗakin zomaye! Cibiyar binciken magunguna da na yi wa aiki har na tsufa ta daina ɗiga magani a idon zomo, kuma jikata ce sanadi. Sallama gare ku, 'ya'yana. Da hankalina nake, da hannuna kuma nake rubutu, hannun da ya koyi riƙe biro a ajin yamma bayan furfura ta fito. Likita ya faɗa mini halin da ƙodata ke ciki, na ji, na gode wa Allah. Ga maganata.

Na ɗaya. Zomayen da suka rage a cibiyar, waɗanda jikata ta kawo mini, nata ne, tare da ɗan filin da ke gefen ɗakina. Kai Babba, mahaifinta, labari ya zo mini cewa ka shirya da masu haɗa man shafawa za ka kai musu zomayen su yi gwaji. Ko kunya ba ka ji ba? Ina kwance, raina bai fita ba, har ka fara ciniki? Idan zomo ɗaya ya shiga hannunsu, ban yafe ba.

Ba ka san abin da kake sayarwa ba, ni na sani, domin ni nake share kejinsu. Akwai wani akwati mai rami. A sa zomo, kansa kaɗai a waje, a buɗe idon a ɗiga. Ba ka cika jin kukan zomo ba, shi ya sa mutane ke zaton abin bai dame shi ba. Ƙafarsa ce ke dukan katako. Da safe in kawo abinci, in tarar idon ya kumbura ya rufe.

Na biyu. Kai kuma Auta, da kake yawo kana cewa duk mai bincike azzalumi ne, ka kama bakinka. Allurar ciwon sukarin da ta riƙe ni shekara da shekaru, a jikin dabba aka fara gwada ta. Inda ran mutum ke cikin haɗari kuma babu wata hanya, a yi, a rage yawansu, a kashe musu zafi. Amma a makantar da mai rai don fuskar wani ta yi sheƙi? Wannan zalunci ne, ko wa ya yi shi.

Na uku. Yarinyar nan ta raini ƙwayoyin fatar ido a ɗan faranti, tana gwada maganin a kansu, har manyanta na cibiyar suka gamsu. Duk lokacin da take wannan wahala dariya kuke mata, wai tana noma a faranti. Yanzu ubanta ko gaisuwarta ba ya amsawa, don ta hana shi cinikinsa. Ke babbar 'yata, ke ce gwaggonta. Ki zaunar da su a gabana kafin a ɗauke ni.

Sauran abin da na mallaka a raba yadda addini ya ce.

Allah ya yi muku albarka, har da kai Babba. Ku riƙe juna, kada gidan nan ya watse a bayana.

Kuma ku taho da yaranku gaba ɗaya. Zomayen nan a kan wayar keji aka haife su, ba su taɓa taka ƙasa ba. Da aka sauke su sai suka tsaya cak suna rawar jiki. Yau ɗayansu, mai ido ɗaya, ya fara haƙa rami. Ku zo ku gani!