Takalmin Mama

Kakangi, 4 ga Yuni

Yaya Susan,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Babu sabis, shi ya sa na ba direba Abubakar wannan takarda. Ƙafar Mama da ta shanye ta yi tauri kamar icce. 'Yan coci sun ce ƙarfi ne ke dawowa, har sun yi godiya. Amma sha-raɓarta ta rame, diddigen kuma ya ƙi taɓa ƙasa. Kin san sana'ata ta gyaran takalma. Na liƙa falle ɗaya na taya a diddigen takalminta, ta miƙe! Yanzu falle uku ne, don duk wata sai diddigen ya ƙara hawa. Sauƙi ne wannan ko mene ne?

Ƙanenki,
Obed

Kaduna, 15 ga Yuni

Obed,

Ina gaishe ku. Takardarka ta hana ni cin abinci. Na tambayi likitar motsa gaɓoɓi a asibitin da nake shara. Ta ce ba ƙarfi ba ne. Naman sha-raɓar ne ke tsukewa yana janye agara, kuma duk fallen da ka ƙara, ka ba shi damar ƙara tsukewa. Kai da gwaninta! Ka riƙa tura tafin ƙafar sama a hankali, safe da yamma, ka rage tayar nan. In idon sawun ya ƙage, sai an yi mata tiyata.

Allah ya ba ta lafiya.
Susan

Kakangi, 2 ga Yuli

Yaya,

Barka da aiki. Na tura tafin ƙafar, Mama ta yi kuka, ta ce ashe mugu ta haifa. Na ɗauko wuƙa zan ɓare falle ɗaya, ta rungume takalmin. Ta ce, "Da shi ina kaiwa bakin gona. In mutanen daji suka shigo, likitar Kaduna ce za ta ɗauke ni?" Gaskiya kaina ya ɗaure. Takalmin yana ɓata ƙafar, in babu shi kuma ba ta iya taku biyar. Wanne zan bi?

Obed

Birnin Gwari, 9 ga Yuli

Yaya,

Mutanen daji sun shigo Kakangi ranar Alhamis da rana tsaka. Da ƙafarta Mama ta kai bakin rafi, daga nan na goya ta. Muna lafiya. Takalmin ya tafi a ruwa. Ta ce in yi mata wani, na riga na yanka tayar. Falle nawa zan sa?

Naki,
Obed