Karan Gero Ya Toshe Ramin Gas

Ƙanena Isufu,

"Injin yanka kara zai iso kafin kaka." Haka ka ce a gaban Inna. Ga kaka ta wuce, bai iso ba. Ina gaisuwa. Ya iyali, ya tarukan jam'iyya a Yamai?

Ramin da ka gina mana, mai fitar da gas ɗin girki daga kashin shanu, ya mutu. Na daddatse karan gero da adda, na jiƙa a ruwan toka, na haɗa da kashin shanu, amma guntayen sun yi girma, suka toshe shi. Abincin shanunmu na rani ke nan ya ruɓe a banza. Inna ta koma hura itace tana tari.

In salla ta wuce babu inji, zan cike ramin da ƙasa. Ka sa mu a addu'a, ka gaida matarka Hadiza.

Yayarka Rabi, Gangara