Na Toshe Ramin Rina, Sun Ɓullo Ɗakin Tela

Zuwa ga mai girma Edita, da mai girma Mai Filin Shawarwari, da duk manyan da ke sama da ku. Bayan gaisuwa da ladabi, ina roƙon agajinku cikin gaggawa.

Ni ne mai gadin wani gidan haya mai ɗaki goma sha biyu, yau shekara tara. Bara na kammala ajin manya, kuma da hannuna nake rubuta wannan, ba wanda ya taya ni.

Kwanakin baya wasu ƙwari suka soma shiga wata tsaga a ƙarƙashin kwanon ɗakin tela. Kasancewar ni ake tambaya a gidan, na tabbatar wa jama'a zanzaro ne, ba ya taɓa kowa. Matar tela ta ce rina ce, na umarce ta ta kula da girkinta. Da suka yawaita, na hau tsani da rana tsaka, na cusa tsumma, na liƙe da siminti. Bayan kwana biyu suka ɓullo ta silin, suka harbi surukar tela wuri huɗu. Fuskar tsohuwa ta kumbura har ido ya rufe, sai da aka kai ta asibiti. Yanzu a baranda iyalin suke zaune.

Mai gidan zai dawo daga tafiya ranar Asabar, kuma ya hana a taɓa gininsa ba izini. 'Ya'yana biyar, aikin nan kaɗai gare ni. Shin in fasa simintin in cinna musu wuta kafin ya iso?

Shaidun abin da ya faru: tela, matarsa, mai wanki, direban ɗaki na bakwai, da Dogo mai gyaran famfo wanda ya riƙe mini tsani.

Mai Gadi Cikin Damuwa

AMSA

Malam Mai Gadi, kada ka kusanci rufin nan da wuta. Aiki kake tsoron rasawa, kada ka haɗa da gidan da mutanen ciki.

Niyyarka kyakkyawa ce, amma matar tela ta fi ka gaskiya. Zanzaro shi kaɗai yake ginin laka a bango. Ƙwarin da ke shige da fice da yawa a tsaga guda, suna bin wanda ya matso, rina ce, kuma in an toshe mata ƙofa sai ta nemi wata.

Ka rufe ɗakin, ka hana yara zuwa wurin, ka kira masu feshin maganin ƙwari. Sai sun gama za a liƙe tsagar. Wanda aka harba a wanke wurin, a ɗora ƙanƙara. In numfashi ya yi wuya ko fuska ta kumbura, asibiti nan take.

Ka je ka duba tsohuwa, ka ba 'yarta haƙuri a gaban waɗanda ka gwale ta. Sannan ka kira mai gidan yau, ya ji daga bakinka. Shekara tara za ta yi maka magana in ka riga kowa faɗa. Allah ya ba tsohuwa lafiya, ya bar maka aikinka.