Hannun Tafinta

Zuwa ga Kawuna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Anti da yara. Umma ta ce in gaishe ka, in kuma tuna maka cewa wayarka tana iya kira, ba amsawa kaɗai ba.

Kawu, ƙara na kawo, kuma kai nake ƙara. Ka san kwas ɗin da nake yi ta intanet, wanda idan na ci za a bar ni in zauna gaban na'urar duba jini a ɗakin gwaje-gwajenmu, in huta da wankin kwalabe. Jiya na lura da ɗan tambarin da ke ƙasan bidiyon darasin, sai na ga na kamfaninku ne. Na ce ashe ɓarawon a gida yake.

Ga yadda abin yake. Malami yana tsaye yana bayani, hoton ƙwayoyin jini yana gefensa, tafintar da ke mana maganar hannu kuma an cusa ta a wani ɗan akwati a lungun allo. Idan ina wurin aiki, kusa da tagar ofis, ina ganinta ba laifi. Amma a gida, da sabis ya yi ƙasa, sai hannuwanta su narke kamar tawada a ruwa. Malam yana nan garau, har maɓallin rigarsa ina gani. Abokiyar karatuna mai ji ta ce muryarsa ma ba ta ko gargada. Ni kuwa da zazzaɓi ya tafi da kunnuwana tun ina ƙarama, wannan hannun shi ne dukan ajina. Ka ɗauka ana maka karatu da baki cike da ruwa.

Jarrabawa ta kusa. Me kuke yi wa hannun mutane a can?

Ka huta lafiya.
Taka, Autar Yaya

*

Zuwa ga 'yata Auta,

Wa alaikumus salam. Na samu takardarki, na kuma ji daɗin ganin ba ki daina tsokana ba. Duk muna lafiya. Ki ce wa Yaya na ji saƙonta, zan kira.

Bari in yi miki bayani daki-daki. Makarantarku tana turo mana bidiyon yadda aka ɗauke shi, ƙato ne, babu wayar da za ta iya ja. Sai mu miƙa shi ga kwamfutocin da muke haya a wasu manyan ɗakunan ajiya, su ne kike ji ana cewa gajimare, ko da yake babu abin da ya haɗa su da sama. Su suke matse shi, su fitar da shi hawa-hawa kamar tsani: na sama mai kyau ƙwarai, na tsakiya, har zuwa na ƙasa mara nauyi. Kowanne a yanka shi gunduwa-gunduwa, a rarraba kwafinsa a ajiye kusa da masu kallo. Wayarki ce take duba ƙarfin sabis, ta ɗauki hawan da za ta iya. Shi ya sa bidiyon ba ya tsayawa.

Matsewar kuwa dabara ce. Abin da bai motsa ba, ba a sake aiko shi, sai a ce wa waya ta riƙe na ɗazu. Abin da yake motsi da sauri shi yake cin data, don haka shi ake fara sadaukarwa idan hanya ta ƙuntata.

Na duba ma'auninmu a kan darussanku, makin ingancinsu yana da kyau sosai. Shawarata ki riƙa sauke darasin a wurin aiki, ki kalla a gida.

Allah ya ba da sa'a.
Kawunki

*

Kawu,

Ina gaisuwa. Na gode da lacca, na fahimta tsaf. Wato maɓallin rigar Malam ya tsira don ba ya motsi, hannun da yake magana kuma laifinsa shi ne yana magana.

Saukewa ba ta yiwuwa, makaranta ta kulle, wai kada a sace musu darasi. Ko da ta yiwu, ajin bita kai tsaye ake yin sa.

Tambaya biyu gare ni. Wannan ma'aunin naku da ya ce komai lafiya, wa ya koya masa abin da ake kira kyau? Ta biyu: muryar Malam ita ma tana cin data, ko? To ni tun da na fara kwas ɗin nan ake aiko min da ita, ban taɓa amfani da ko ƙwaya ba. Ku riƙe kayanku, ku ba ni canjin a hannu.

A gaida Anti.
Auta

*

'Yata,

Bayan gaisuwa. Na jinkirta amsa ne don ba na so in sake aiko miki da surutu kawai.

Na rufe ƙofar ofis, na shaƙe sabis ɗin kwamfutata da gangan har ya koma kamar na gidanku, na kashe sauti, na sa takarda na rufe Malam. Ban daɗe ina kallo ba kaina ya fara ciwo. 'Yar maganar hannun da na iya ba ta wuce gaisuwa da tambayar abinci ba, amma ko ni na ga babu yatsa ɗaya da za a iya nunawa a ce ga shi. Ma'aunin namu yana auna allon ne gaba ɗaya, akwatin tafinta kuwa ɗan mitsitsi ne, ko ya lalace kaf makin ba zai girgiza ba.

Maganar murya kuma kin harbi inda ya dace. A hawan ƙasa, sauti yana cin kaso mai tsoka. Na faɗa wa abokin aikina da muke tebur ɗaya, ya ajiye kofin shayinsa ya ce, "Wa ya kawo wannan shawarar?" Na ce 'yar yayata. Ya ce, "To ka tashi ka ba ta kujerarka."

Na yi gwaji da darasi ɗaya. Na cire sauti, na sa injin ya bi hannuwan tafinta ya zuba musu data, ya rage wa sauran. Ga shi na haɗo miki. Ki kalla a gida, a inda sabis ya fi muni, ki faɗa min gaskiya.

Ki gaida Yaya.
Kawunki

*

Kawuna na kaina,

Gaisuwa da jinjina. Na kalla a kicin, bayan firij, inda ko saƙo ba ya fita sai da addu'a. Na ga yatsu! Na ƙirga su ma, duk suna nan.

Amma ka kashe wa tafinta fuska. Ta zama kamar an shafe ta da soso. Kawu, rabin maganarmu a fuska take. Idan hannu ya ce "ƙwayar ta fashe", gira ce take nuna ko faɗa ake yi ko tambaya. Kumatu ne suke nuna ko abu kaɗan ne ko mai yawa. Na kalli darasin nan duka ban san inda Malam yake tambaya da inda yake ba da amsa ba. Daga saman kanta zuwa cibiya, duk baki ne.

Kuma ka rage wa hoton jinin kaifi. Kada ka taɓa shi, a kansa za a tambaye mu. Idan wurin sata kake nema, ga labulen bayan Malam, ga kantar littattafansa, ga tukunyar fulawar nan da ba ta taɓa koya wa kowa komai ba.

Na gode, da gaske nake. Ban yi zaton za ka zauna ka kalla ba.

Auta

*

'Yata Auta,

Ina fatan kin tashi lafiya. Na gyara, fuska ta dawo, labule ya koma hazo, babu wanda zai yi kukansa. Sai dai na ci karo da bango biyu.

Na farko, makarantarku ta manne tafinta a jikin bidiyon tun kafin ta turo mana, ƙarama kamar yadda kike ganinta. Abin da aka ƙanƙance tun asali, ba ni da yadda zan mayar da shi babba. Idan suka ba mu ainihin ɗaukar da aka yi mata ita kaɗai, sai mu aiko ta daban, ki buɗa ta ta cika rabin allo idan kin so.

Na biyu, ogana. Na nuna masa gwajin, ya kalla har ƙarshe, ya ce, "Aiki ya yi kyau. Wa ya nema?" Na ce ɗaliba. Ya ce, "Ɗaliba ba ita ta ba mu aiki ba. Bidiyon na makaranta ne. Ba ma taɓa kayan mutane mu sake musu fasali ba da izininsu ba, ko da gyara ne. Gobe wani zai cire abin da shi ma yake ganin ba shi da amfani." Na so in yi musu, amma na san yana da gaskiya. Ya ce idan makaranta ta rubuto, a ranar za mu fara.

Don haka ƙwallon tana wurinki. Ki je wurin mai kula da kwas ɗin. Ni ba ni da bakin magana a can.

Kawunki

*

Ƙanena,

Sallama da gaisuwa. Ka san ni ba gwanar rubutu ba ce, amma idan na kira ka, Auta tana ganin bakina za ta gane da wa nake, shi ya sa.

Tun da takardarka ta zo 'yarka ba ta buɗe darasi ba. Na tambaye ta, ta ce ta gaji. Ta ce tun tana firamare take shiga ofis-ofis tana roƙon a matso da ita gaba, a rubuta mata, a juyo a dube ta idan ana magana. Kullum a yi mata murmushi a ce sannu da ƙoƙari. Ta ce wankin kwalabe ba ya buƙatar alfarmar kowa. Kai tsokanarta kake gani a takarda, ni nake ganin fuskar da take rubutawa da ita.

Ban ce ka yi laifi ba. Amma kada ka sake ce mata ƙwallo tana wurinta. Ta san wurinta take, shi ne abin da ya gajiyar da ita.

Ka gaida iyalinka.
Yayarka

*

'Yata,

Ina gaisuwa. Wannan gajeriya ce.

Na ce ba ni da bakin magana a makarantarku, kuma haka ne. Amma ina da ƙafa. Na ɗauki hutu, zan shigo motar safe ranar Laraba. Na haɗa bidiyo biyu gefe da gefe, na da da na yanzu. Idan kin ga dama mu je tare, ni in riƙe kwamfuta, in amsa abin da ya shafi inji. Idan ba ki ga dama ba, in sha shayin Yaya in koma, babu abin da ya ragu tsakaninmu.

Abu ɗaya nake so ki sani. Ba alfarma za a nema ba. An yi musu aiki ne da gurbi a ciki, mu da su duka ba mu gani ba.

Kawunki

*

Kawu,

Fatan ka isa gida lafiya, kuma bayanka ya daina ciwon kujerar mota.

Ka tafi kafin a ƙare zamanmu a makarantar, bari in ba ka sauran. Ka tuna da na shigo da abokan karatuna biyu, kurame irina, matar nan mai kula da kwas ta rasa inda za ta sa idonta, sai kai take ta kallo tana tambaya? Na ga lokacin da ka nuna ni da hannu ka ja kujerarka baya. Na gani, kuma na riƙe.

Bayan ka fita kama mota, ta sake kunna tsohon bidiyon, ta kashe sauti da kanta. Ta kalla har ƙarshe. Sai ta jawo takarda ta rubuta min, "Tun farkon kwas haka kuke gani?" Na rubuta, "Idan sabis ya yi kirki, ya fi haka kaɗan." Ta rubuta, "Me ya sa ba wanda ya faɗa?" Ɗaya daga cikin abokaina ya karɓi biron ya rubuta, "Mun ɗauka haka duniya take."

Ta ce ɗaukar tafinta ta darussan farko an goge, ba a ga amfanin ajiye ta ba. Ta ƙarshe-ƙarshen ce kawai ta rage, sai ajin bita da za a yi kai tsaye. Ta yi alkawarin rubuto wa oganka yau. Jarrabawa kuma ba za a ɗaga ba, na tambaya. Wato rabin karatun zan shige shi da abin da na tsinta a hazo. Ban sani ba ko zai isa. Amma na buɗe littafina.

Umma ta ce ka bar hularka.

Auta

*

'Yata,

Takardar makaranta ta iso, oga ya sa hannu. Darussan da suka rage suna cikin inji yanzu. Ajin bita shi ne abin da yake ba ni tsoro, don kai tsaye ba a gyara kuskure. Dole hannun tafinta ya iso tare da hoton Malam, kada ɗaya ya riga ɗaya. Zan zauna a kansa da kaina har a tashi. Za ki ga sabon maɓalli a ƙasan allo, mai hoton hannu. Ki danna shi.

Hular ki ajiye min, dalilin dawowa ce.

Kawunki

*

Kawu,

An yi bita, a kicin na zauna. Tafinta ba ta narke ba ko sau ɗaya.

Wajen tsakiya Malam ya yi wani barkwanci a kan sauro. Na gan shi a hannunta daidai lokacin da yake faɗa, na ga fuskokin 'yan aji suna dariya a gefen allo. Kawu, barkwancin ba shi da daɗi ko kaɗan. Ban yi dariya ba. Amma karon farko ke nan da na san abin da na ƙi yi wa dariya.

Gobe jarrabawa. A sa ni a addu'a.

Taka,
Auta