Ku Bar Ni a Mai Sayar da Gas

Yaya,

Ina gaishe ki da kyau. Ya yara, ya Baba da ciwon ƙafarsa? Ya ƙarin haƙurinmu? Allah ya jiƙan Inna.

Ni lafiya lau nake, kada ki damu. Ina cin abinci, sai dai ba kullum yake wucewa ba.

Kin tambayi abin da ya hana ni ɗaukar waya ranar da ta rasu. Ina ƙarƙashin ƙasa ne, inda kira ba ya shiga. Can muke binciken kimiyya, muna gadin wata ƙatuwar tukunyar ƙarfe cike da gas, muna jiran ƙwayar zarra ɗaya ta gas ɗin, wadda ido ba ya gani, ta fashe da kanta, na'ura ta nuna alama. Shekara uku ke nan, ko sau ɗaya ba mu gani ba. Ranar ma ban ga komai ba. Da na hau sama, na tarar da kiranki goma sha ɗaya.

Kin ce masu zuwa gaisuwa suna tambayar ɗanta mai sayar da gas, kina gyara musu. Don Allah ki daina. Sau biyu na yi wa Inna bayani, ta ce, "Ai dai gas ne ko? To ka yi nesa da ashana." Kullum da haka take sallamata.

Ki turo min hotonta na bakin ƙofa, wanda take dariya.

Jiya abokin aikina ya ƙyasta ashana a waje zai kunna sigari, na ja da baya. Ya yi dariya, wai ai gas ɗinmu ba ya kama wuta. Na sani, Yaya. Maganar Inna nake bi.

Ƙaninki.